Yaron da Ba Ya Waiwayowa: Ina Za a Kai Shi, Wa Za a Nema?



Sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, na Najeriya da na Nijar, barkanku da war haka, da fatan an yi ciniki lafiya. Na san kowa ya baro rumfarsa a hannun yaro, saboda haka ba zan tsare ku da dogon bayani ba. Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar jinya ce mai zagaya unguwanni da ƙauyukan bakin iyaka, kuma abin da idona ya gani a gidajenku shi ya kawo ni gabanku yau.

Maganar a kan wani yaro ce wanda da wuya a rasa wanda ya san irinsa a nan. Lafiyayye ne a ido. Ya yi zama, ya yi rarrafe, ya miƙe da ƙafafunsa a kan lokaci, amma ga shi ya shekara uku bai ce "Inna" ba. A kira sunansa sau biyar ba zai waiwayo ba, alhali da ya ji motsin ledar alewa daga wani ɗaki sai ya taso. Idan ƙishirwa ta kama shi, sai ya ja hannun uwarsa har bakin randa ba tare da ya dubi fuskarta ba. Yara na wasa a tsakar gida, shi yana gefe yana jera marafan kwalba, in an goce da ɗaya ya ɓarke da kuka. Ƙarar injin niƙa kuwa toshe kunnuwa take sa shi.

Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce shafar aljanu, wasu su ce kurumta, wasu su ce sangarta. A rediyo kukan ji an ce galahanga, ko da yake mutane na jingina wannan suna ga larurori da dama. Likitoci suna kiran larurar otizim, a asibitocin Nijar za ku ji an ce otism. Ku riƙe sunan, domin da shi za ku yi tambaya.

Mene ne otizim?

Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, kuma tushensa na farawa tun yana ciki. Yana bayyana ta fuska biyu. Ta farko, wahalar magana da cuɗanya da mutane. Ta biyu, manne wa abu ɗaya da maimaita shi, tare da jin ƙara ko taɓi ko ɗanɗano ba kamar yadda sauran mutane ke ji ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 na da shi, kuma an fi gano shi a 'ya'ya maza. Ba iri ɗaya yake zuwa ba: wani zai girma bai yi magana ba, wani kuwa zai yi karatu har jami'a, sai dai zama cikin taro na ba shi wuya.

Gado na da babban kaso a cikinsa, haihuwar bakwaini ma na ƙara yiwuwarsa. Ba a ɗaukarsa a kwanon abinci ko wurin wasa. Ba nonon uwa ke kawo shi ba, ba kuma sakacinta ba. Ina roƙon iyayena maza da surukai su riƙe wannan, domin na ga auren da ya mutu a kan zargin da ba shi da tushe.

Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Tun a 1943 wani likita mai suna Leo Kanner ya bayyana larurar a kan yara 11 a Amurka, shekara 20 kafin a fito da allurar ƙyanda a 1963. Jita-jitar ta samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998 a kan yara 12 kacal. Da aka gano an yi coge a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke wa jagoran binciken izinin aikin likita. A 2019 an fitar da binciken da ya bibiyi yara sama da 650,000 a ƙasar Denmak, ba a sami wata alaƙa ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne alamun otizim kan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da ake yi wa yaro allurai. Wanda ya hana ƙannen yaron rigakafi bai kare su daga otizim ba, ƙofa kawai ya buɗe wa ƙyanda da sanƙarau.

Yaushe za a tashi tsaye?

Kada a jira yaro ya isa shiga makaranta. A kai shi a duba shi idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya ɗaga hannu ya yi sallama.

Ya kai wata 16 bai furta kalma ko ɗaya ba.

Ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu da kansa ba, kamar "ba ni" ko "zo nan".

A kowane wata yake, ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da, ko ya daina kula mutanen da ya saba yi wa murmushi.

Na san abin da akan ce: kawunsa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana. Yana iya zama haka, kuma ba duk yaron da ya makara da magana ne mai otizim ba. To amma in aka duba aka ga ba komai, kuɗin mota kawai aka yi asara. In kuwa akwai wani abu aka zauna jira, shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar darasi aka yi asara, su kuma ba a sayensu a kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk da haka, wanda ɗansa ya riga ya kai shekara takwas ko goma kada ya ce ya makara, domin koyo ba ya ƙarewa.

Matakin farko: asibitin kusa da gwajin kunne

A fara da asibitin da ya fi kusa, ƙaramin asibitin unguwa a Najeriya ko CSI a Nijar. Kada a ce kawai "yaro ba shi da lafiya", don za a gwada zazzaɓi a sallame ku. A ce: "Shekararsa kaza, ba ya magana, ba ya amsa sunansa, muna son takardar turawa zuwa likitan yara." A Nijar, tun 2006 akwai tsarin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati, ku tambayi abin da ya shiga cikinsa da abin da za ku biya.

Kafin a yanke hukunci, dole a gwada jin yaron. A ƙasarmu ta Sahel sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai fitar da ruwa sun kurumtar da yara da yawa, yaron da ba ya ji kuwa ba zai yi magana ba, taimakon da yake bukata kuma daban ne. Tafa hannu a bayansa a gida bai isa gwaji ba. Da na'ura ake yi, a ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro. Haka nan a gaya wa likita idan yaron ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi, ko ya yi shawara yana jariri, ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa sumar da shi, ko yana jijjiga.

Ku sani babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna otizim. Likita na gane shi ne ta tambayar iyaye da kallon yadda yaro ke wasa da mu'amala. Ga 'yan wata 16 zuwa 30 akwai wata takarda mai tambayoyi 20, M-CHAT-R, da ake cikewa da amsoshin iyaye don a ga ko akwai bukatar zurfafa bincike. Idan an umarce ku da hoto mai tsada, haƙƙinku ne ku tambaya cikin ladabi: me ake nema da shi?

Ina ƙwararrun suke?

Gaskiya ɗaya ce: ba su da yawa, kuma galibinsu a manyan birane suke. A Najeriya ku nufi ɓangaren yara na asibitocin koyarwa: na Tarayya da ke Katsina, na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware da Barnawa ta Kaduna da Maiduguri, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A Nijar ku fara da likitocin yara na babban asibitin Maraɗi ko Asibitin Ƙasa na Damagaram, su ne za su ce ko sai an dangana da Yamai.

Idan an tura ku asibitin ƙwaƙwalwa, kada ku juya da baya kuna cewa ɗanku ba mahaukaci ba ne. Haka ne, ba mahaukaci ba ne. Sai dai a can ake samun da dama daga cikin waɗanda suka karanci halayyar yara.

Bayan likita ya gano larurar, aikin yau da gobe na hannun waɗansu ne. Akwai mai koyar da magana, wanda a Nijar ake ce wa ortofonis. Shi ke koya wa yaro isar da bukatarsa, da baki ko da hannu ko da hoto. Akwai mai koyar da ayyukan yau da kullum: cin abinci, sa riga, zuwa bayan gida, jure ƙara da taɓi. Akwai masanin halayya da ke taimakawa kan ihu da buga kai da cizo. Akwai kuma malamin ilimi na musamman. Ba lalle yaro ya ga dukansu ba. Ku tambayi likita wanne ya fi gaggawa.

Shirin tafiya, musamman ga masu ƙetare iyaka

Ku fatake ne, kun san ba a fita fatauci ba lissafi. Kafin ku hau mota, ku sa wani ɗan'uwa da ke garin ya tambayo ranar da ake ganin irin waɗannan yara, don ba kullum ba ne. Ku riƙe takardun shaidarku, da katin rigakafin yaro ko karnensa, da duk takardun magungunan da ya taɓa sha. Uwa, ko wadda ke wuni da shi, ita ta fi cancanta ta je, don ita ke da amsoshin. Ku ɗauki gajerun bidiyo biyu ko uku a waya: yana wasa, ana kiran sunansa, yana cikin rigima. Yaro kan sauya a baƙon wuri, bidiyon shi zai nuna wa likita halinsa na gida. Ku tafi masa da abincin da ya saba da abin wasan da yake so.

Kada ku baro asibiti sai da abu uku. Rahoto a rubuce. Sunan magani na asali, in an rubuta, saboda sunan kamfani kan bambanta tsakanin ƙasashen biyu. Sai jerin abin da za ku riƙa yi a gida. Rahoton zai fito da Turanci ko Faransanci, wanda zai karɓa a ɗaya ɓangaren wataƙila ba ya jin harshen, don haka ku roƙi a yi muku bayani da Hausa, ku nemi izini ku naɗa a waya.

Yadda ake gane na ƙwarai

Akwai wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli da na sani. Ɗanta na da shekara uku aka kai shi wurin wanzami ya yanke masa linzami, wai shi ya ɗaure harshen. Wurin ya yi ruwa, yaron ya kwana biyar ba ya cin abinci, magana ba ta zo ba. Daga nan wani mai magani a mota ya sayar mata da kwalabe, ya yi alkawarin magana cikin kwana arba'in. Kwana arba'in suka cika, ya ce sai an ƙara. Ta sayar da awakinta biyu, ta taɓa jarin ƙuli-ƙulin. Ranar da ta zo wurina yaron ya shekara biyar, kuma kuɗin motar zuwa birni ma sai da 'yan adashinsu suka ba ta ɗauka kafin lokacinta.

Ba na ganin wautarta. Uwa ce, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata abin da zan gaya muku yanzu: har yau babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke cire otizim. Babu a nan, babu a Masar, babu a Indiya. Duk wanda ya yanka muku ranar warkewa, na gargajiya ne ko mai farar riga, aljihunku yake kallo.

Ba ku yarda da cinikin biri a sama a kan buhun gero ba, kada ku yarda da shi a kan ɗanku. Ku tambayi mai koyarwar:

Ina ka yi karatu, kana da rajista? A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu irin wannan aiki rajista.

Ka taɓa aiki da yara masu otizim?

Wane abu guda biyu ko uku za mu sa a gaba cikin wata uku, kuma yaya za mu gane an ci gaba?

Zan iya zama a ɗakin ina kallo, ka koya mini abin da kake yi?

Nawa ne kowane zama, sau nawa za mu zo?

Na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya rufe ƙofa ya hana ku gani, ko yake duka ko ɗaurewa, ko ya nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, ku ɗauki ɗanku ku fita. Addu'a kuwa babu mai hana ku, muna yi tare da ku. Amma bulala da turaren barkono da ɗaurin mari azaba ce ga yaron da ba ya iya cewa "ya isa", ko da wane suna aka kira su.

Maganin asibiti na da wurinsa. Farfaɗiya kan haɗu da otizim, kuma tana da magani mai aiki. Idan yaro na ji wa kansa ko wasu rauni, likita kan rubuta irin su risferidon, yana lura da shi, don yana sa barci da yawan ci da ƙiba. Kada a sayo maganin mura mai sa barci ko ƙwayar kwantar da hankali a tebur don yaro ya yi shiru a rumfa. Shirun da aka samu ta haka, da lafiyarsa aka biya.

Babban malaminsa na cikin gida

Ko an sami ƙwararre, awa ɗaya zai yi da yaro a mako ko a wata. Sauran lokacin naku ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara horo na musamman ga iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama tara a rukuni da ziyara uku a gida. Ga kaɗan daga irin abin da ake koya wa iyaye, kuna iya farawa yau:

Ku durƙusa daidai tsayinsa, fuska da fuska. Ku shiga wasan da yake yi: in marafai yake jerawa, ku miƙa masa ɗaya ɗaya kuna cewa "ga shi".

Ku gajarta magana. Maimakon dogon umarni, ku ce "sha ruwa", kuna nuna moɗa.

Ku ba shi dalilin nema. Ku ɗaga ƙosai da ayaba, ku jira kuna ƙirga goma a zuci. In ya duba, ko ya nuna, ko ya yi wani sauti, ku ba shi nan take ku faɗi sunan abin. Nuni da yatsa ma magana ce, kuma sau da yawa ita ke share wa baki hanya.

Ku tsayar masa da tsari: lokacin ci, wanka da barci. Idan za a sauya, a sanar da shi tukuna. Nuna masa takalmi na nufin za a fita.

Idan ya ɓarke da ihu, ku duba abin da ya faru kafin nan. Yunwa ce, ko haƙori, ko taurin bayan gida, ko hayaniya? Yaron da ba shi da kalma, da jikinsa yake kai ƙara.

Ku rage waya. Ba ita ke kawo otizim ba, amma tana cinye lokacin da zai kalli fuskar mutum. Shawarar Hukumar ita ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyu, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Sai tsaro. Da yawa daga cikin waɗannan yara kan fice ba sallama, ruwa kuma na jan hankalinsu. A rufe rijiya, a kula da kududdufi da damina, a ɗinka lambar waya a rigarsa, a sanar da maƙwabtan rumfa da 'yan tasha. Yaron da ba zai iya faɗin sunan garinsu ba, kada a tura shi karatu nesa da gida. Mace ko namiji, kada a bar shi a hannun wanda ba a amince da shi ba, domin mugu na neman wanda ba zai iya ba da labari ba. Makaranta kuma haƙƙinsa ce. A Najeriya an sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya tun Janairun 2019. Ku je ku yi wa malami bayani, ku fara da awa ɗaya ko biyu.

Ita mai ƙuli-ƙuli, an gwada kunnen ɗanta aka tarar yana ji sarai, likita ya tabbatar da otizim. Sau huɗu kawai ta iya kai shi wurin mai koyar da magana a shekarar, sauran aikin ita da yayarsa suka yi a tsakar gida, kullum bayan la'asar. Bai warke ba, ba kuma zan ce muku ya warke ba. Amma yau yana nuna abin da yake so, yana zuwa bayan gida da kansa, yana da 'yan kalmominsa, cikinsu har da "Inna". Mahaifinsa da ke jin kunyar fita da shi, yanzu shi ke riƙo hannunsa zuwa rumfa.

Iyayena maza, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku fitar da kuɗin mota, ku raka, ku karɓi yaron ko na awa ɗaya uwarsa ta runtsa. 'Yan kasuwa, idan kun ga yaro na birgima yana ihu a gaban rumfarku, kada ku taru a kansa, kada ku ce ba a yi masa tarbiyya ba. Ku ba uwar wuri a inuwa. Wanda ya san gidan da ake ɓoye irin wannan yaro a ɗaki, ya kai musu wannan takarda, ya karanta musu in ba su iya ba.

Mai tambaya ya same ni bayan an tashi, ko ya je wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa da shi da katin yaron a hannu. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba da kasuwa mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.